Gwajin t ko Wilcoxon? Na maƙale a kan awon bugun zuciya

Assalamu alaikum 'yan uwa masana ƙididdiga. Aikin kammala digiri nake yi, kuma yau kwana uku ke nan na kasa gaba.

Na auna bugun zuciyar ɗalibai 15 suna zaune a huce, na sake aunawa bayan kowa ya yi minti 3 yana hawa benci yana sauka. Da farko na ɗauke su kamar rukuni biyu daban, sai malamina ya ce a'a, tunda mutum ɗaya aka auna sau biyu, bambancin awon kowane mutum ake bi. Wannan kam na gane.

Matsalar ita ce mutum biyu bugunsu ya zarce na sauran nesa ba kusa ba, kuma gwajin Shapiro-Wilk (mai duba ko lambobi sun bi rarrabuwar da aka saba, wato normal) a manhajar ƙididdiga ta SPSS ya ba ni p ƙasa da 0.05 a kan bambancin, alamar ba su bi ta ba. In ci gaba da gwajin t na awo bibbiyu (mai duba matsakaicin bambancin), ko in koma gwajin Wilcoxon (mai bin jerin matsayin lambobi, wanda ba ya buƙatar su zama normal)? Cire mutum biyun nan bai kwanta mini a rai ba, domin da hannuna na ƙirga, har sau biyu. In Wilcoxon ne, lambar tsakiya (median) zan rubuta maimakon matsakaici (mean)?

Don Allah a taimaka, ran Litinin zan miƙa babin.