Tarihin kakanmu tsohon sojan Faransa: ta ina ake farawa?

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum. Kakanmu ya yi sojan Faransa, ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mana: littafinsa na soja da gara ta ci gefensa, lambar yabo guda, sai ƙanwarsa mai shekara wajen 90 da hankalinta garau. Muna son rubuta tarihinsa. Ta ina za mu kama?

Mai Tsoffin Takardu, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kama ta lambar soja, ba ta suna ba. Magatakardan Nasara abin da kunnensa ya ji yake rubutawa: Isuhu guda sai ya fito Issoufou nan, Youssouf can. Shekarar haihuwa ma kintace ce, shi ya sa za ka ga an sa "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza. Abin dogaro uku ne: lambarsa ta soja, shekarar da aka ɗauke shi, da inda aka ɗauke shi. Duba shafukan farko na littafin.

Da su za ka rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji ta garin Pau a Faransa, ka nemi "état signalétique et des services". Ita ke jera rundunarsa, ranar shiga jirgin ruwa, ranar sauka, rauni da sallama. Haɗa da shaidar rasuwarsa da ta dangantakarku. In Jamus sun kama shi a 1940, takardun fursunoni suna garin Caen a Faransa. A ma'ajiyar ƙasa ta Yamai kuwa rahotannin kwamandan Tawa za ka nema: haraji, fari, da ɗaukar soja na shekarar.

Littafin kuma kada a manna masa salatif, kada a gasa masa leda. A inuwa za ka ɗauki hoton kowane shafi, har wanda ka ga kamar babu kome.

Inna Hajiya, Tawa:
Malam ya yi gaskiya, amma ɗana, fara da tsohuwa tun gobe. Amsar Pau tana iya ɗaukar watanni. Je ka da hantsi bayan ta karya, kada zama ya wuce minti 45, ka koma sau huɗu ko biyar. Ajiye waya kamu biyu daga bakinta, a kashe fanka, a yi nesa da turmi, don sautin daka yana cinye magana. Ita kaɗai za ka zauna da ita. In maza suka taru, babba ne zai karɓe zancen, ita ta koma "haka ne, haka ne".

Kada ka ce mata "wace shekara?", sai ta ba ka wadda za ta faranta maka. Tambaye ta: da ya tafi an yi miki aure? Wa ke sarauta? Ya komo kafin a soke aikin dole ko bayansa? Sokewar nan 1946 ce. Ƙuri'ar i ko a'a kan zama tare da Faransa, 28 ga Satumba 1958. Juyin mulkin Kunce, Afrilun 1974. Tsakanin turakun nan za ka ɗaure labarin. Ba ta lambar yabon ta riƙe, yakan kwance baki. In ta yi shiru kada ka cike mata. Awa guda ta magana tana cin awa biyar ko shida wajen kwafa, kuma da Hausarta ta Adar za ka kwafa, kada ka gyara.

Tsohon Malamin Lakwal, Yamai:
Tarko guda nake jiye maka. A bakin tsofaffi kowane yaƙin Faransa "yaƙin Hitila" ne, alhali wasu Madagaska aka kai su a 1947, wasu Indoshin (yankin Vietnam) tsakanin 1946 da 1954, wasu Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Launin ƙyallen lambar yabon da shekarar ɗauka za su raba gardama. "Sénégalais" da ke rubuce kuma sunan runduna ne, ba ƙasarsa ba.

Haka zancen Thiaroye, barikin soja kusa da Dakar, inda aka bindige sojojin da ke neman haƙƙinsu ranar 1 ga Disamba 1944: kada ka sa shi ciki sai takarda ta nuna ya sauka Dakar a Nuwamban shekarar. Nemi littafin fanshonsa ma. Dokar Faransa ta Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashenmu, ba a daidaita su duka da na Faransawa ba sai 2011. Adadin da ke shafukan nan shi ne shaidarka. Inda takarda da tsohuwa suka saɓa, rubuta duka biyu, kowanne da ranar da ka same shi.