Shin da gaske kowa na iya shiga shago ya sayi bindiga a Amurka?

Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda aka yi harbin kan mai uwa da wabi a wata makaranta a Amurka, sai ka ji wasu na cewa ƙasar ba ta da dokar bindiga, wasu kuma su ce dokokin ma sun yi yawa, aiki da su ne ba a yi. Ina gaskiyar take? Don Allah wanda ya san harkar ya yi mini bayanin yadda ake sayen bindiga a can, inda ɓarakar take, da abin da ya hana majalisarsu haramta bindigogi irin na yaƙi.

Malam Sanusi:
Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Doka akwai ta, sai dai hanyar saye iri biyu ce, kuma a nan rigimar take.

In wajen dillali mai lasisin gwamnatin tarayya ka je, za ka nuna katin shaida mai hoto, ka cike fom mai lamba 4473. Doguwar bindiga sai ka cika shekara 18, ƙarama ta hannu sai 21. Fom ɗin zai tambaye ka ko kana cikin waɗanda dokar 1968 da gyare-gyarenta suka haramta wa riƙe makami: wanda aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa ya haura ɗaurin shekara ɗaya, mai gudun shari'a, mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wanda kotu ta tura asibitin masu taɓin hankali, wanda aka kora daga soja a wulaƙance, da wanda aka hukunta kan dukan iyalinsa. Yin ƙarya a fom ɗin babban laifi ne. Daga nan dillalin zai aika sunanka zuwa rumbun tantancewa da ake kira NICS, wanda hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998 a ƙarƙashin dokar Brady ta 1993. Amsa uku ce ke dawowa: a sayar, kada a sayar, ko a dakata. Yawanci cikin 'yan mintoci an gama.

Ɓarakar farko tana cikin wannan "a dakata". In kwana uku na aiki suka wuce FBI ba ta yanke ba, dokar tarayya ta ba dillali damar miƙa bindigar. Ta nan wanda ya kashe mutum tara a wata majami'a a Charleston a 2015 ya samu tasa, don ba a kai ga takardar kamun da aka taɓa yi masa kan ƙwaya cikin wa'adin ba. Ta biyu, rumbun ba ya sanin abin da ba a sa masa ba. Maharin Sutherland Springs a Texas, wanda ya kashe mutum 26 a 2017, kotun soja ta taɓa hukunta shi kan dukan matarsa da yaronta, amma rundunar sojin sama ba ta aika bayanin ba, ya je shago ya wuce tantancewa sumul.

Ta uku ita ce babba, kuma ita ce hanyar saye ta biyu, wato hannu da hannu. Wanda ba sana'arsa ba ce sayar da makami, in ya sayar wa ɗan jiharsu bindigarsa, dokar tarayya ba ta tilasta masa tantance mai saye ba, muddin ba shi da dalilin zaton haramtacce ne. Jihohi irin su Kalifoniya sun toshe wannan da tasu dokar, har da jiran kwana goma kafin ka karɓi bindigar. Jihohi da yawa kuwa sun bar shi haka.

Barista Hadiza:
Malam Sanusi ya yi bayanin ciniki, bari in taɓa ɓangaren shari'a. Tushen maganar gyara na biyu ne na kundin tsarin mulkinsu, wanda aka amince da shi a 1791. Jimla ɗaya ce tak, ta fara da batun buƙatar tsararriyar rundunar mayaƙan sa-kai, ta ƙare da cewa ba za a tauye wa jama'a 'yancin mallaka da ɗaukar makami ba. An daɗe ana jayayya a kan ko 'yancin na rundunar ne ko na kowane mutum, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu: na mutum ne, kuma birnin Washington ba shi da ikon hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A 2010 shari'ar McDonald ta ɗora hukuncin a kan jihohi. A 2022 shari'ar Bruen ta soke dokar New York da ke cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izinin yawo da bindiga, ta kuma kafa ma'auni mai tsauri: dole gwamnati ta nuna dokar da take karewa tana da makamanciya a tarihin ƙasar. Wannan ma'auni a ganina ya jefa ƙananan kotuna cikin ruɗani, alƙali ya koma mai tonon dokokin ƙarni na 18. Kotun da kanta ta ɗan sassauta a 2024 a shari'ar Rahimi, takwas da ɗaya, ta ce ana iya raba mutum da makami in kotu ta same shi barazana ne ga abokiyar zamansa.

Majalisa kuma, a ta dattawa mai kujeru 100 sai da ƙuri'a 60 ake rufe muhawara. Bayan an kashe yara 20 da manya shida a makarantar Sandy Hook a 2012, ƙudirin faɗaɗa tantancewa ya samu ƙuri'a 54 a 2013, ya faɗi. Soke gyara na biyun gaba ɗaya sai da kashi biyu bisa uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38, abin da babu alamarsa.

Nura:
Barista, a yi wa masu bindiga adalci a ji tasu. Kalmar "bindigar yaƙi" ma akwai gyara a cikinta. Mashinga, wadda ke ta aman wuta muddin yatsa na kan kunama, tun dokar 1934 ake yi mata rajista, kuma tun 1986 aka hana farar hula mallakar sabuwa. Doguwar bindigar nan AR-15 da ake magana a kai, kowane dannawa harsashi ɗaya take fitarwa. An taɓa haramta irinta daga 1994 zuwa 2004, tare da gidan harsashi mai cin fiye da goma, amma da siffofi dokar ta bayyana ta, irin su gindi mai naɗewa da wurin maƙala banati. Kamfanoni suka cire siffofin suka ci gaba da sayarwa, waɗanda ke hannun mutane kuma ba a taɓa su ba.

Alƙaluma ma suna ba su abin faɗa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. A kisan kai kuwa ƙaramar bindiga ce ke kan gaba nesa ba kusa ba, doguwa kasonta kaɗan ne. Shi ya sa suke cewa haramta AR-15 ba zai taɓa yawancin mace-macen ba. Manomin da ke nesa da ofishin 'yan sanda kuma yana ganin shi mai bin doka ake matsa wa, ɗan fashi ba ya cike fom. Inda nake rabuwa da su shi ne gidan harsashi: mai cin 30 yana ba mahari damar harbi ba tsayawa, kuma 'yan daƙiƙun canza shi ne ke ba mutane damar gudu ko su danne shi. Hujjar taƙaita wannan ta fi ta haramta siffar bindiga ƙarfi.

Auwalu:
Na gode ƙwarai. To bayan harin makarantar Uvalde a Texas ba a yi komai ba ke nan? Kuma in an tsinci bindiga a wurin da aka yi ta'asa, ba a duba kwamfuta a ga mai ita?

Malam Sanusi:
An yi wani abu. Bayan kashe yara 19 da malamai biyu a Uvalde, a watan Yunin 2022 aka sa hannu a dokar da jam'iyyun biyu suka haɗu a kai. Mai saye da bai kai shekara 21 ba, yanzu ana duba har bayanan laifukansa na ƙuruciya, kuma binciken na iya kai kwana goma na aiki. Saya wa haramtacce bindiga da sunanka ya zama laifin tarayya mai zaman kansa, ɗauri har shekara 15. An kuma ware dala miliyan 750 don tallafa wa jihohi, ciki har da masu dokar karɓe makami na wucin gadi. Yadda wannan ke aiki: 'yan sanda, a wasu jihohi har da dangi, su kai wa alƙali shaidar cewa wane na shirin cutar da kansa ko wasu, alƙali ya ba da umarnin gaggawa, bayan kamar mako biyu a zauna a ji ta bakinsa, in hujja ta tabbata a tsawaita, galibi zuwa shekara ɗaya. Florida ta yi tata a 2018 bayan harin wata makaranta a Parkland. Masu bindiga na ƙorafin ana karɓe kayan mutum kafin a saurare shi. Ni ina ganin matakin ya dace da matsalar masu kashe kansu da Malam Nura ya ambata, in dai zaman sauraron bai yi jinkiri ba.

Batun kwamfuta kuwa, dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga, kuma bayanin wanda ya wuce tantancewa ana share shi daga NICS cikin awa 24. Hukumar ATF mai sa ido kan makamai, daga cibiyarta ta Martinsburg a West Virginia, lambar jikin bindigar take bi: ta tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, shi ya faɗi babban dillalin da ya ba, shi kuma ya faɗi shago, mai shago ya lalubo fom 4473 ya karanto sunan wanda ya fara saya. In wannan ya ce ya sayar wa wani hannu da hannu shekara biyar da suka wuce, ba takarda, ko an sace ta a motarsa, sawun ya ɓace daga nan.