Fim ne ya lalace, ko mu ne muka daina iya kallo?

Mai Kallo, Garwa:
Assalamu alaikum. Na taso a lokacin da ake shiga gidan silima bayan sallar isha'i, a zauna awa uku babu mai motsi, washegari kuma a yini ana musu a kan labarin a majalisa. A Janairun 2009 aka rufe gidajen silima uku da suka rage a Kamaru, wato Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, kuma ko da aka buɗe sababbin gidajen silima na Canal Olympia daga baya, a kudu aka buɗe. Abin da ya rage mana shi ne shiri mai dogon zango a YouTube, inda ake jan labarin awa biyu har ya kai kashi hamsin. Shin masu shiryawa ne suka rasa gwaninta, ko kuwa wayar da ke hannunmu ce ta kashe mana haƙuri?

Ɗan Injamena:
Wa'alaikumus salam, Malam. Gwaninta ba ta ƙare ba. Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe ta ƙasar Chadi, tun a 1999 ya yi fim a kan mutuwar gidajen silima na garinmu, a 2010 kuma ya karɓi kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa, shekarar da ta biyo baya aka sake buɗe silimar Normandie a nan Injamena. Sai dai akasarin kuɗin irin wannan aiki daga Turai yake fitowa, kuma a can aka fi kallonsa. Wannan ne yake damuna.

Mai Ɗaukar Bidiyo, Marwa:
Yayyena, ku bar ni in yi magana a matsayin wanda biki da suna suke ciyar da shi, yake kuma haɗa gajerun fina-finai da abin da ya tara. Kyamara ba ita ce matsala ba, domin wayar kirki tana ɗaukar hoton da ya fi na kaset ɗin da muka taso muna kallo. Sauti ne yake tona mana asiri. Na taɓa kwana uku ina ɗaukar wani fim a gefen kasuwa, da na zauna tacewa sai na tarar ƙarar babura da janareta ta haɗiye maganar 'yan wasa gaba ɗaya, dole muka rataya barguna a bangon ɗaki muka sake naɗar kowace jimla. Tun daga ranar ba na fita sai da makirufo a kan sanda da yaro mai riƙe shi.

Haka ma haske. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, shi ya sa nake jiran tsakanin la'asar da magariba, ko hazon hunturu wanda yake tausasa fuska kyauta. Amma wanda kuɗinsa ya dogara ga tallan YouTube, kuma dole ya saki sabon kashi kowane mako, ba shi da lokacin jiran la'asar, balle ya sake rubuta labari sau uku kafin a kunna kyamara.

Dattijo, Ngaundere:
'Ya'yana, kada ku yi wa jiya kwalliya. A cikin fina-finan Indiya da na Sin da muka kalla akwai tarkace da yawa, masu kyaun ne kawai suka zauna mana a rai. Ni abin da nake jira shi ne fim da zan ji mutane suna magana kamar yadda muke yi a nan, Hausa da Fulatanci da Faransanci a zance ɗaya, maimakon kwaikwayon bakin Kano.

Mai Kallo, Garwa:
Baba, na karɓi gyara. Ƙanena na Marwa, idan ka gama tace fim ɗin nan na gefen kasuwa ka sanar da ni. Akwai tsohon majigi a gidanmu da farin bango a zaure.