Neman Kalmar Hausa: Yaya Za Mu Kira “Peptide”?

Na daɗe ina juya wannan kalma a raina, domin binciken da ake yi kan tsirrai masu magani ya cika da ita, kuma duk wanda zai yi wa Bahaushe bayanin abin da masana suka gano game da sankara dole ne ya ci karo da ita. Masanin kimiyyar sinadarai na Jamus, Emil Fischer, shi ne ya ƙirƙire ta a 1902, kuma abin da take nufi shi ne jerin amino asid (ƙananan sinadaran da ake gina furotin da su) da aka ƙulla da juna kamar ƙwayoyin carbi, daga biyu zuwa kimanin 50, wanda idan ya zarce haka sai a kira shi furotin.

An ba ni shawarar “ɗan furotin”, amma kunnen Bahaushe zai ji shi kamar yadda yake jin “ɗan ruwa”, wato furotin kaɗan, ba wani abu na daban ba. “Guntun furotin” ya fi kusa, sai dai guntu ragowar abin da aka yanke ne, alhali gulutatayon, wani “peptide” da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, mai amino asid 3 kacal, jiki ne yake haɗa shi tun daga tushe. Saboda haka na tsaya a kan aro: mu ce feftayid, kamar yadda muka karɓi furotin da bitamin, mu fassara shi ga mai tambaya da “gajeriyar sarƙar amino asid”.

Kalmar sarƙa tana da wani amfani da na so ƙwarai. A shekarun 1960 likita ɗan ƙasar Norway, Lorents Gran, ya ga matan Kongo suna shan ruwan dafaffen ganyen da suke kira kalata-kalata domin naƙuda ta yi sauri. Abin da aka ciro daga ganyen, kalata B1, amino asid 29 ne waɗanda bakinsu biyu ya haɗe ya zama zobe, kuma tafasa ba ta lalata shi. Sarƙa tana iya miƙewa, tana iya rufewa, don haka bayanin namu ya ɗauki irin waɗannan ba tare da ƙari ba. Akwai kuma wani feftayid, lunasin na waken suya, wanda aka yi nazarinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sunansa daga kalmar Tagalog ta ƙasar Filifin ya fito, “lunas”, ma'ana magani.

Ga “antioxidant” kuwa, wato sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga ɓarnar oksijin, ina ba da “makarin tsatsar jiki”. Wanda ya ga ƙarfe ya yi tsatsa, ko doya ta sauya launi bayan an fere ta, ya riga ya san aikin oksijin, kuma makari kalma ce da kowa ya sani.

Inda nake roƙon marubuta su yi hattara shi ne “anticancer”. Kada a fassara shi da “maganin sankara”. An gwada lunasin a kan ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaje-gwaje da kuma jikin ɓeraye, amma ba a amince da shi a matsayin maganin cutar ga ɗan Adam ba. Feftayid masu siffar zobe suna huda tantanin da ya lulluɓe ƙwayar sankara, amma wasunsu suna fasa jajayen ƙwayoyin jini ma. Idan muka rubuta “magani”, mai tallar sassaƙe a kasuwa zai ɗauki kalmarmu ya sayar wa matar da ya kamata ta je asibiti tun kumburin nononta yana ƙarami. Abin da zan riƙa rubutawa shi ne “mai yaƙar ƙwayoyin sankara a gwaji”, ko da ya fi tsawo.