"Kamar an tsaga kara": rabi ne ko ɓari?

Nana Hadiza, Bagalam: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya wajen suna a unguwar Mokoyo, nan Maraɗi, wata tsohuwa ta dube ni da ɗiyar baffana da ta zo daga Jibiya ta jihar Katsina, ta ce "kamar an tsaga kara". Na ce cikin raha, ai ita ce rabina. Sai tsohuwa ta ce, "A'a ɗiyata, ɓarinki dai." Har na kwanta abin yana raina. Rabi da ɓari ba abu guda ba ne?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Tsohuwa ta yi gaskiya, ɗiyata. Rabi maganar awo ce da lissafi. Rabin tiya ta hatsi, rabin awa, rabin jaka wato dala ɗari a kuɗin sefa. In kin auna rabin tiya, ba ruwan kowa da wace ƙwaya ta faɗa wane gefe, yawan kawai ake dubawa. Shi ɓari sai abu mai jiki, wanda an ka tsaga gida biyu: ɓarin goro, ɓarin duma, ɓarin kankana. Ba wanda zai ce miki ɓarin tiya. Kuma wanda hawan jini ya kayar, cewa ake ɓarin jikinsa ya shanye, don dama da hagu ake nufi.

Lawali mai goro: Allah ya gafarta Malam, a nan ni ke da ta cewa. Shekara da shekaru ina ɓara goro a babbar kasuwa, da wuya ka ga ɓari biyun sun zo daidai wa daida. Ɗaya kan ɗara ɗaya. Amma ka mayar da su, su haɗe ɗas, ba kuma za ka haɗa ɓarin wannan goro da na wancan su zauna ba. Goron hannunruwa ma da kan rabu uku ko huɗu, kowane ɓari ya san mazauninsa.

Abdul Aziz, Zariya: Ni fa a sanina ɓari zubarwa ce. Ba shi ne "ɓarin makauniya" ba? Mace ma in ciki ya zube ana cewa ta yi ɓari. Yaya za a ce wa yarinya 'yar uwarta ɓarinta ce, ba zagi ba ne kuwa?

Malam Isuhu: Rubutun boko ne ya ruɗe ka, ɗana. Kalmomi biyu ne, baki ya raba su, alƙalami ya haɗe. Na goro ana jan wasalin farko, ɓaari. Na zubarwa gajere ne. Faɗi su da ƙarfi ka ji.

Abdul Aziz: Na faɗa, ƙanwata tana ta kallona. Na yarda. To amma me ya sa kara? Me ya hana a ce kamar an raba goro?

Hajiya Mariyama, Limanci: Don ba ka yi motar kara ba kana yaro, shi ya sa. Ɗauki karan dawa ka karya shi a tsakiya. Ɗaya ya tafi da gindi mai kauri, ɗaya da kai siriri. Ka raba biyu, amma ba su yi kama ba. Yanzu sa wuƙa ka bi tsawonsa. Kowane gefe ya samu bayan kara, ya samu totuwa, gaɓoɓin kuma suna wuri guda, in wannan yana da tabo a gaɓa ta uku za ka ga sauran tabon a wancan. Shi ya sa ba a ce "kamar an karya kara" ba. Tsagawa ake nufi.

Abin da ban yarda da shi ba, yadda yara ke faɗinta yanzu ga ƙawaye don sun yi anko. Atamfa guda ba ta sa a tsaga kara. Maganar jini ce, uwa da ɗiya, wa da ƙane.

Lawali mai goro: Hajiya, ni kam na sha jin an faɗa kan hali. A ce wane da ubansa wajen rowa kamar an tsaga kara.

Hajiya Mariyama: Ubansa ka ce, Lawali. Ka dawo kan maganata.

Alhaji Na Ɗan Gulbi: Ku bar ni in ja zancen inda ya fi damuna. Hadiza ta ce 'yar uwarta daga Jibiya ta zo. To mu kanmu ɓarin wa muke? Lokacin jihadi, wajen 1807, Birnin Katsina ya faɗa hannun su Ummarun Dallaje, tsohon gidan sarauta ya yo arewa, har Ɗan Ƙasawa ya zauna nan Maraɗi. Har yau Sarkin Katsinan Maraɗi muke cewa. Daga baya Faransa da Ingila sun ka zauna can ƙasarsu, sun ka ja layi a takarda, mu nan da sefa, su can da naira. Ba na raba ɗaya biyu, Katsina da Maraɗi kara guda ne an ka tsaga.

Malam Isuhu: Ranka ya daɗe, da ɗan gyara. Tsaga kara hannu guda ke yin ta, cikin natsuwa. Waccan kuwa yaƙi ne, an shekara da shekaru ana kai wa juna hari. Raba gari ya fi dacewa da ita. Na Turawa ne ma za a ce tsagawa, su kuma ba su bi gaɓa ba, inda wuƙa ta faɗa nan ta bi.

Alhaji Na Ɗan Gulbi: Ko da yaƙi ko da wuƙa, Malam, da an ka rufe iyaka a 2019 ka ga yadda mutane ke ratsa daji bayan Ɗan Isa, garin kan iyaka, don zuwa biki da gaisuwar mutuwa. Wa ya taɓa ganin rabin tiya ya tashi neman ɗayan rabin?

Nana Hadiza: Na gode ƙwarai. Na karanta wa 'yar uwata duka, ta ce ta yarda ita ɓarina ce, amma a tambayi Baba Lawali a cikinmu wace ce ɓarin da ya ɗara.

Lawali mai goro: Ku zo rumfa gobe da hantsi in gani da idona. Ku taho da dala ashirin, ba na duba kyauta.