Lasisin Windows na rangwamen ɗalibai: ya halasta in saya, kuma ya halasta in sauke fayil ɗin da kaina?

Ɗan Gwallameji ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a aji uku a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan Bauchi, kuma akwai abin da ya hana ni sukuni tun makon jiya, wanda nake fatan masu sani a cikinku za su warware mini.

Bara na sayi laftof ta hannu ƙirar HP, ta zo da Windows 10 tana aiki lafiya lau. A watan jiya ma'ajiyar bayananta ta mutu, na kai ta wurin wani mai gyara a cikin gari, ya sa mata sabuwa ya ɗora mata Windows daga filashinsa. Da na dawo ɗaki na kunna ta, sai na ga wani rubutu dishi-dishi a kusurwar ƙasa ta hannun dama yana neman in tabbatar da lasisi, kuma ko hoton bangon allo ta ƙi bari in canza. Na koma wurinsa, ya ce yana da wata 'yar manhaja da za ta share rubutun cikin minti biyu, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Ana cikin haka sai wani ya tallata "lasisin ɗalibai" a zauren WhatsApp na ajinmu a kan naira dubu shida. Ya ce na asali ne, rangwame ne da Microsoft ke yi wa masu karatu, kuma zai turo lambar tabbatar da lasisin da zarar kuɗi sun shiga. Na duba shafin kamfanin na tarar ana sayar da Windows 11 Home a kan dala 139, kuma wannan tazara ce ta jefa ni cikin shakka.

Shin ya halasta a doka in sayi wannan lambar, tun da dai ni ɗalibi ne na gaskiya? Kuma idan na sauke fayil ɗin girka Windows daga intanet da kaina, na shiga haƙƙin wani? Ya kamata in faɗa cewa ina buga wa 'yan ajin ƙarshe takardun bincikensu da wannan kwamfutar ana biyana, kuma daga nan nake samun kuɗin haya.

Injiniyan Tudun Wada, Gombe, ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi tunani da ka dakata kafin ka tura kuɗi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran kwamfuta, kuma mafi yawan ruɗanin da nake gani yana zuwa ne daga haɗa abubuwa biyu da kowanne hanyarsa daban, wato fayil ɗin girkawa da izinin amfani da abin da aka girka.

Fayil ɗin kyauta ne. Microsoft da kanta ta ajiye shi a shafinta, ko dai a matsayin fayil na ISO, wato kwafin faifan girkawa a fayil guda, ko ta manhajarta mai suna Media Creation Tool, wadda ke shirya maka filashi mai girman gigabait 8 ko fiye. Ba ta neman kobo, ba ta neman lamba kafin ka sauke, don haka babu laifin da ka yi idan ka ɗauka daga can. Abin da zai ci maka shi ne data, domin fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. Matsala tana farawa ne idan ka ɗauko daga shafukan da ke raba wanda aka taɓa, aka rubuta masa cewa an riga an tabbatar da shi. Irin wannan an fasa kariyarsa, kuma ba ka da hanyar sanin abin da aka cusa a ciki. Wanda yake shiga asusun bankinsa da kwamfutar da ke ɗauke da irin wannan ya miƙa makullin ɗakinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Shafin Microsoft yana nuna lambar tantancewa ta SHA-256 ga fayil ɗin Windows 11, wadda za ka gwada da ta abin da ka sauke ka tabbatar ba a sauya komai ba.

Amma kafin ka yi maganar sayen komai, ina kyautata zaton kana da lasisi ba ka sani ba. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta sun daina liƙa takarda mai lamba a gindin laftof, suka koma adana lambar a cikin babban allon haɗin kayan cikin na'urar, wato motherboard. Canza ma'ajiyar bayanai ba ya taɓa wannan lambar. Abin da ke yawan faruwa shi ne, kwamfutar ta fito daga masana'anta da Windows nau'in Home, mai gyara kuma filashinsa na nau'in Pro ne, sai lambar ta ƙi hawa domin ba nata ba ne. Idan ka girka daga filashin da ka haɗa da kanka daga shafin kamfanin, na'urar za ta karanta lambar ta zaɓi nau'in da ya dace, kuma da ka haɗa ta da intanet rubutun zai ɓace. Idan kuwa takarda ce ta Windows 7 liƙe a gindinta, to ƙofar tabbatar da Windows 10 da irin wannan lambar an rufe ta tun watan Satumba na 2023.

Game da lambar naira dubu shida kuwa, zan ba ka abin da ya same ni. Shekarun baya na sayi irin waɗannan lambobi guda takwas daga wani dillali na sa wa kwamfutocin wata hajiya mai shagon buga takardu. Duk sun hau, ta biya ni, muka rabu da mutunci. Bayan wasu watanni ta kira ni da safe ana tsakiyar rajistar jarrabawa, ga yara sun cika shago, ga rubutun ya dawo a kan biyar daga ciki. Da na bincika sai na gane lambobin na wata ƙungiya ne da aka ba ta don ma'aikatanta, aka sato ana sayarwa har aka toshe su. Dillalin ya daina ɗaukar wayata, ni na mayar mata da kuɗinta daga aljihuna. Wani salon kuma shi ne na KMS, tsarin da aka yi wa manyan ma'aikatu, wanda tabbatarwarsa ke ƙarewa bayan kwana 180 idan ba a sabunta ba, kuma mafi yawan 'yan manhajojin nan irin wadda mai gyaranka ya ambata kwaikwayon wannan tsarin suke yi. Duk mai son sanin irin lasisin da ke kan na'urarsa ya buga slmgr /dli a wurin ba da umarni, wato Command Prompt, zai ga an rubuta OEM (wanda ya zo da na'ura daga masana'anta), ko RETAIL (wanda ake sayar wa ɗaiɗaikun mutane), ko VOLUME (wanda ake ba ma'aikatu a dunƙule).

Maman Hanifa ta rubuta:

Ina aiki a sashen kwamfuta na wata makaranta a jihar Bauchi, kuma zan ƙara a kan bayanin Injiniya ta ɓangaren da ya shafe mu. Rangwamen ɗalibai gaskiya ne, ba ƙage ba ne, sai dai ba ya bi ta hannun ɗan tsakiya. Yarjejeniya ce tsakanin makaranta da kamfanin. Akwai shirin Azure Dev Tools for Teaching, wanda a da ake kira DreamSpark, daga baya Imagine, akwai kuma shafin OnTheHub da wasu makarantu ke raba manhajoji ta cikinsa. A duka biyun ɗalibi ne da kansa yake shiga, yawanci da adireshin imel da makarantarsa ta ba shi, a tantance shi, sannan a ba shi lamba a asusunsa, galibi ta nau'in Windows Education kuma sau da yawa ba tare da ya biya komai ba.

To, ɗana, ka lura da kyau. Kasancewarka ɗalibi yana ba ka damar neman naka lasisin idan makarantarku tana cikin shirin, amma ba ya halasta maka na wani. Lambar da aka ba ɗalibi tasa ce shi kaɗai, sharuɗɗan sun hana shi sayarwa ko bayarwa, don haka ko da abokin naku ya samo ta ta hanyar gaskiya, ranar da ya karɓi kuɗinka a kanta ya saɓa alkawari, kai kuma ka riƙe abin da ba a ba ka ba.

Maganar buga takardun da ka kawo tana da muhimmanci fiye da yadda ka ɗauke ta. Manhajojin da ake bayarwa ta Azure Dev Tools for Teaching an keɓe su ne ga koyo da koyarwa da bincike, ba don kasuwanci ba. Haka kuma lasisin Windows da ake ba makarantu da ma'aikatu a dunƙule na ɗaukaka daraja ne, ma'ana ana sa ran na'urar tana da halastaccen Windows tun farko. Batun ko za ka ci gaba da amfani bayan ka gama karatu ya danganta da irin yarjejeniyar da makarantarku ta sa wa hannu, don haka ka je sashen kwamfutarku ka tambaya, ka nemi a nuna maka a rubuce. Yana ba ni takaici ganin ɗalibai da yawa ba su taɓa buɗe imel ɗin makarantarsu ba har su gama, alhali ta nan irin waɗannan damammaki suke zuwa.

Bakatagume ya rubuta:

Da girmamawa ga manya, ni ina ganin an tsananta. Ban taɓa jin an kama ɗalibi a Bauchi ko Azare saboda Windows ba, kuma kuɗin lasisi na asali ya kusa kuɗin kwamfutar kanta. Wanda ba ya son shiga shubuha ya koma Ubuntu ko Linux Mint, nau'o'in Linux da ke maye gurbin Windows, waɗanda lasisinsu ya yarda a sauke a girka a raba kyauta, ya buga takardunsa da manhajar ofis ta kyauta mai suna LibreOffice. Shekara biyu ke nan ina haka, kuma abin da kawai ke ba ni wahala shi ne wasu manhajojin zane na sashenmu da ba sa aiki sai a Windows.

Barista Gombawa ya rubuta:

Malam Bakatagume, shawararka ta Linux ingantacciya ce kuma babu ƙura a cikinta. Sai dai mai tambaya bai ce ko za a kama shi ba, cewa ya yi ko ya halasta, kuma amsar wannan tana cikin doka ko an aiwatar da ita ko ba a aiwatar ba.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da ake karewa, kamar yadda ake kare littafi. Ta kuma hana fasa kariyar fasaha da mai haƙƙi ya sa wa aikinsa, kuma a fahimtata 'yar manhajar mai gyaran nan ta faɗa cikin wannan. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke sa ido, Babbar Kotun Tarayya kuma ita ke da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki. Nauyin hukunci ya fi sauka a kan mai sayarwa da mai rarrabawa, amma mai saye ma yana fita da hannu biyu babu komai, domin abin da ake saya a manhaja izini ne, kuma wanda ba shi da ikon bayar da izini ba zai iya sayar maka da shi ba. Hawan lamba a kan na'ura ba hujja ba ce ta mallaka, kamar yadda makullin da ya buɗe ƙofa ba ya zama takardar gida.

Wasu dillalan intanet suna kafa hujja da hukuncin Kotun Tarayyar Turai na 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya yarda a sake sayar da lasisin da aka riga aka yi amfani da shi. Wannan hukunci na ƙasashen Tarayyar Turai ne, bai ɗaure kotunanmu ba, kuma ko a can sai mai sayarwa ya daina amfani da nasa kwafin.

Ga wanda damuwarsa ta addini ce, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halasta a keta shi ba.

Ɗan Gwallameji ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, abin da ka faɗa shi ne ya faru. Na ari filashin wani abokina, na kwashe takardun mutane zuwa wayata, na sauke fayil ɗin Windows 10 cikin dare daga shafin kamfanin. Wajen girkawa ba ta tambaye ni lamba ba ko sau ɗaya, ta hau Home da kanta, kuma da na haɗa ta da intanet rubutun ya tafi. Na buga umarnin da ka bayar na ga OEM a rubuce. Na sanar da mai tallan cewa na fasa, na kuma tura bayanin Maman Hanifa zauren ajinmu, domin mutum uku sun riga sun biya shi.

Saura abu ɗaya. Na karanta cewa kulawar da Microsoft ke ba Windows 10 ta ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta. Na gwada manhajar PC Health Check, mai duba ko kwamfuta za ta iya ɗaukar Windows 11, ta ce kwamfutata tana da shi amma a kashe yake. Injiniya, idan na kunna shi na koma Windows 11, lasisin nan na Home zai bi ni, ko sai na sake neman wani?

Injiniyan Tudun Wada, Gombe, ya rubuta:

Zai bi ka, ƙanena, domin ƙaura daga halastacciyar Windows 10 zuwa 11 kyauta ce ga na'urar da ta cika sharuɗɗa, kuma Home za ta zama Home. Ka kunna TPM ɗin a saitin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka sake gwada PC Health Check ka ga ko ta amince da ƙwaƙwalwar sarrafawar ma, kuma ka tabbata cajarka tana jone da wuta mai ɗorewa kafin ka fara.