Ina zan kai juyayyen baƙin mai a yankin Kura?

Assalamu alaikum. Ina gyaran injinan ban ruwa da babura a wani ƙauye kusa da Kura. Da noman rani ya kankama, juye ba ya yankewa. Kowane inji man da ke cikinsa bai kai lita ɗaya ba, amma a hankali jarkoki masu lita 25 sun cika mini shago, ɗaya ma ta fara yoyo ta gindi.

Zubarwa a ƙasa ba za ta yiwu ba. Ruwa kusa yake a nan, rijiyarmu tana bayan shagon, ga kwatar da ke kai ruwa gonakin shinkafa da tumatir. Inda ya ɗiga bara har yau ko ciyawa ba ta fito ba. Man da ya gama aiki yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙuna, shi ya sa ƙonawar ma na ƙi, yara ne za su shaƙi hayaƙin.

Masu buga bulo da kafintoci masu shafa wa katako saboda gara sukan ɗiba, amma kaɗan ne. Na tambaya a gidajen mai na kan titin Zariya, suka ce sayarwa kawai suke yi. Wani ya zo zai saye duka, da na fahimci tacewa zai yi ya ɗura a galan ya sayar wa mutane a matsayin sabo, na hana shi. Injinan manoman nan zai kashe.

Don Allah, wa ya san wuri mai izinin hukuma a Kano da ke karɓar irin wannan man, ko da ni zan kai da kaina?